Filin Tambaya da Amsa: Bincike da Takardar Tambayoyi kan Fasahar Koyarwa da Ƙwazon Makarantu

Wasiƙun wannan karon kusan duk daga ɗalibai suke, na Samaru da Kongo da Gyallesu, waɗanda kundin bincike ya tsaya musu a babi na uku. Mun zaɓi waɗanda amsarsu za ta amfani mutane da yawa, mun kuma taƙaita tambayoyin.

Tambaya: Ni ɗalibar digiri na biyu ce a Samaru. Ina binciken yadda malaman sakandare na ƙananan hukumomin Zariya da Sabon Gari ke amfani da kwamfuta da majigi a aji. Malaman sun kai 1,000. Mai duba aikina ya ce in ɗauki adadi daga jadawalin Krejcie da Morgan, ƙawata kuma ta ce lissafin Yamane ya fi. Wanne zan bi? Ina so in raba takardun a makarantu huɗu da ke kusa da gidanmu.

Amsa: Malama, abin da ya dame ki shi ne ƙarami, wanda kika faɗa a ƙarshe kamar ba komai ba shi ne babba.

Jadawalin Krejcie da Morgan na 1970 ya ce mutum 1,000 ana ɗaukar 278. Lissafin Yamane na 1967 kuwa ga yadda yake: ki ninka 0.05 (kuskuren da aka yarda da shi) da kansa, ya ba ki 0.0025, ki ninka da 1,000, ya zama 2.5, ki ƙara 1, ya zama 3.5, ki raba 1,000 da 3.5, ki samu 286. Tazarar mutum takwas ce. Bi na mai duba aikinki ki huta.

Amma duka biyun an gina su ne a kan sharaɗi ɗaya: kowane malami cikin dubun nan yana da dama daidai da ta ɗan'uwansa ta shiga samfurin. Makarantu huɗu na unguwarku sun karya wannan sharaɗin, kuma yawan takardu ba ya gyara shi. A 1936 mujallar Literary Digest ta Amurka ta aika takardu kusan miliyan 10, fiye da miliyan 2 suka dawo, ta ce Landon zai kayar da Roosevelt a zaɓen shugaban ƙasa. Roosevelt ya cinye jihohi 46 cikin 48. Sunayen da ta tara galibi daga littattafan tarho da rajistar motoci ta samo su, wato na masu hali, sannan waɗanda suka dawo da takardun ma wani irin rukuni ne. Mai sayen masara a kasuwar Giwa ba ya gamsuwa da abin da ke bakin buhu, sai ya soka ƙarfe ta tsakiya da gindi, don ya san inda ake ɗora mai kyau.

Ga yadda za ki yi. Karɓi wasiƙar gabatarwa daga sashenku, ki kai ofishin shiyya na Ma'aikatar Ilimi, ki nemi jerin makarantu da yawan malaman kowace. Jerin yakan tsufa, saboda canjin wurin aiki da ritaya, don haka ki tantance da shugabannin makarantun da suka faɗo miki. Sai ki kasa makarantun gida-gida bisa abin da kike zaton yana raba su: na gwamnati da masu zaman kansu, na cikin gari da na ƙauye. Idan, misali, malamai 600 na gwamnati ne, 400 na masu zaman kansu, to 278 ɗinki zai zama 167 da 111. A cikin kowane gida ki fitar da makarantu ta ƙuri'a, ko da ta takardu naɗaɗɗu ne a cikin kwano, sannan a kowace makaranta ki sake ƙuri'a daga rajistar malamai. Kada ki ce wa shugaban makaranta ya zaɓo miki. Malamin kwamfuta da abokansa zai turo.

Wani abu da ɗalibai ba sa lura da shi: malaman makaranta ɗaya amsarsu takan yi kama, tunda janareto ɗaya suke jira, shugaba ɗaya suke bi. Mutum 20 daga wuri ɗaya ba su kai darajar mutum 20 daga wurare daban-daban ba. Idan aka ƙaddara kamanceceniyar 0.05 ce kawai, ɗaukar malamai 20 a kowace makaranta na buƙatar a ninka samfurin da 1.95, kusan biyu ke nan. In 10 aka ɗauka, 1.45 ne. Saboda haka malamai 10 a makarantu 30 sun fi malamai 30 a makarantu 10, ko da kuɗin Keke Napep zai ƙaru.

Kuma ki buga takardu fiye da adadin. In kina sa ran takwas cikin goma za su dawo, raba 278 da 0.8, ya ba ki 348, su za ki buga.

Tambaya: Malami ne ni a Tudun Wada. Ga biyu daga tambayoyin da na rubuta, a duba mini. Ta farko: "Ina amfani da kwamfuta da majigi wajen shirya darasi da koyarwa." Ta biyu: "Ka yarda cewa fasahar zamani tana inganta koyarwa?"

Amsa: Malam, ta farkon tambaya huɗu ce ka cusa a riga ɗaya. Wanda ke buga tambayoyin jarrabawa da kwamfuta amma bai taɓa kunna majigi ba, me zai zaɓa? Zai zaɓi duk abin da hannunsa ya kai, kai kuma ba za ka san me yake nufi ba. Kowane layi abu ɗaya: na'ura ɗaya, aiki ɗaya.

Ta biyun kuwa ka riga ka ba da amsa a cikinta. Ba malamin da zai ce a'a, musamman a nan wurinmu da musa wa baƙo ido da ido ke da nauyi. Za ka samu kusan kowa ya yarda, kuma tambayar da kowa ya amsa iri ɗaya ba ta da abin da za ta gaya maka.

Tambayi aiki, ka ɗaure shi da lokaci: "A makon da ya wuce, darussa nawa ka koyar da majigi?" sai zaɓi: babu, 1 zuwa 2, 3 zuwa 5, fiye da 5. "A kai a kai" da "wani lokaci" kowa da ma'aunin da yake auna su. Kafin wannan ma, sa tambayar tacewa: akwai majigi a makarantar? Yana aiki? Mabuɗin ɗakin kwamfuta a hannun wa yake? A makon jiya kwana nawa aka samu wuta lokacin darasi? Malamin da ba ya amfani da na'ura don babu, da wanda ba ya amfani don tsoro, ba ciwo ɗaya ke damunsu ba, kuma idan ka haɗa su wuri ɗaya shawarar da za ka bayar a babi na biyar za ta zama "a ƙara horar da malamai", alhali kwamfutocin na lulluɓe da leda a ɗakin da ba soket.

Ga ɓangaren ra'ayi, ba sai ka ƙirƙiro daga kanka ba. Fred Davis a 1989 ya fitar da ma'aunin karɓar fasaha mai ginshiƙi biyu, ganin amfanin abu da ganin sauƙinsa, kowanne da tambayoyi shida. A 2003 Venkatesh da abokan aikinsa suka faɗaɗa zuwa huɗu: tsammanin amfani, tsammanin sauƙi, tasirin mutanen da ke kewaye, da samuwar kayan tallafi. A ra'ayinmu na huɗun ne ya fi magana a Zariya, don shi ne wuta da data da mai gyara. In kuma ilimin malamin kake aunawa, dubi tsarin TPACK na Mishra da Koehler na 2006, mai haɗa sanin fasaha da dabarun koyarwa da sanin darasi. Ɗauki tambayoyin da aka gina a kan waɗannan ka daidaita da yanayinmu, ka faɗa a kundin cewa daidaitawa ka yi, ka nuna abin da ka canza.

Ma'aunin Likert, wato matakan amsa daga "ban yarda ba sam" zuwa "na yarda sosai", na asalinsa na 1932 mataki biyar ne. Sassan ilimi da yawa a jami'o'inmu sun fi son huɗu, a cire na tsakiya, a yanke hukunci a 2.50 (wato 4 da 3 da 2 da 1 a raba huɗu). Mai mataki biyar a 3.00 ake yankewa. Bi abin da sashenku ya saba, amma ka ƙara gurbin "bai shafe ni ba" a gefe, wanda ba ya shiga lissafi. In ba haka ba, ka tilasta wa wanda bai taɓa ganin allon zamani ba ya faɗi ra'ayinsa a kansa. Tambayoyi 30 zuwa 40 sun isa. Malami tsakanin darasi da darasi zai cike maka, in ya wuce minti 20 sauran layukan zane kawai zai yi.

Tambaya: Wasu daga cikin waɗanda zan tambaya malaman Islamiyya ne da iyayen yara. In fassara takardar da kaina?

Amsa: Fassara, amma kada ka tsaya nan. Ka ba wani daban wanda bai ga asalin ba ya mayar da Hausarka zuwa Turanci, sai ku ajiye Turanci biyun gefe da gefe. Duk inda suka saɓa, ma'ana ta zame. Wannan hanyar Brislin ce ta 1970. Daga nan ka zauna da mutum biyar ko shida irin waɗanda za ka tambaya, ka karanta musu layi-layi, kowa ya faɗa maka da bakinsa abin da ya fahimta. Wanda ba ya karatun boko a karanta masa, amma duk masu taimaka maka su karanta kalma ɗaya, ba ƙarin bayani. Mai taimako mai yawan bayani shi ke amsa tambayar ba tare da ya sani ba.

Tambaya: Ina karatun gudanarwa a Kongo. Take na shi ne tasirin amfani da kwamfuta a kan ƙwazon makarantu masu zaman kansu. Na tambayi malamai 300 a makarantu shida yadda suke amfani da kwamfuta, na kuma tambaye su ko makarantarsu na samun ci gaba. Alaƙar ta fito 0.85. Abokaina na taya ni murna. Na gama ke nan?

Amsa: Malam, a dakata da murnar. Wannan 0.85 ɗin mai jarrabawa daga waje, in ya san aikinsa, a nan zai fara tsayawa, kuma dalilai uku ne.

Mutum ɗaya ka tambaya abu biyu, a takarda ɗaya, a zama ɗaya, da ma'auni ɗaya. Mai son makarantarsa zai ba komai 4 da 5. Wanda aka riƙe masa albashi zai ba komai 1 da 2. Wanda ke tsoron mai makaranta ya ga takardar zai yabi kowa da komai. Lissafi sai ya ga layukan na hawa tare suna sauka tare, ya ce maka akwai alaƙa, alhali halin mai amsawa ka auna sau biyu. Podsakoff da abokan aikinsa sun yi wa wannan cutar dogon bayani a 2003. Ɗalibai kan gudu zuwa gwajin Harman, in ginshiƙi ɗaya bai kai kashi 50 cikin ɗari ba su ce an tsira. Gwaji ne mai rauni, yakan wanke wanda bai wanku ba. Maganin tun wajen tsara aiki yake, ba a manhajar lissafi ta SPSS ba.

Na biyu, ƙwazon da kake magana na makaranta ne, ba na malami ba. In haka ne, samfurinka shida ne, ba 300 ba. Malamai 50 na makaranta ɗaya shaidu ne a kan abu ɗaya. Ko dai ka ƙara makarantu su kai 30 ko fiye, ka tara amsoshin malaman kowace su zama maki ɗaya, ko ka sauya take ya koma kan aikin shi malamin.

Na uku, "makarantarmu na samun ci gaba" ba awo ba ne. Awo yana cikin kabad ɗin ofis. Nemi kason ɗaliban da suka samu kiredit biyar har da Turanci da Lissafi a WAEC ko NECO, na shekaru uku a jere, don shekara ɗaya na iya zama sa'a ko tsautsayi. Nemi rajistar halarta ta ɗalibai da littafin sa hannun malamai. Kwana nawa ake ɗauka daga gama jarrabawa zuwa ba da sakamako? Takardun sakamako nawa iyaye suka dawo da su don kuskure? Yara nawa aka cire a zangon da ya wuce, kuma kashi nawa na kuɗin makaranta aka iya karɓa? Waɗannan biyun na tsakiya, saurin sakamako da kuskurensa, su ne inda kwamfuta ke taɓa aiki kai tsaye, kuma kusan ba mai auna su. In kana son tsarin da za ka rataya su a kai, Kaplan da Norton sun fitar da ma'auni mai fuska huɗu a 1992: kuɗi, abokan hulɗa, tafiyar aikin cikin gida, da koyo da bunƙasa. A makaranta abokan hulɗar su ne iyaye da ɗalibai, don haka gamsuwarsu daga bakinsu za ka ji, ba daga bakin malamai ba.

Masu makarantu ba sa son buɗe littafin kuɗi, wannan gaskiya ne. Kada ka nemi adadi, nemi kaso ko zango. Kuma sakamakon jarrabawar waje ma a ɗauke shi da lura, don akwai cibiyoyin da sakamakonsu ya fi karatunsu kyau.

In dole sai ra'ayi za ka yi amfani da shi, raba majiya: malamai su amsa na amfani da kwamfuta, iyaye ko jami'an sa ido su amsa na ƙwazo. In ma mutum ɗaya ne, raba lokaci, mako biyu zuwa huɗu tsakani, ka haɗa takardun biyu da lamba, ba da suna ba. Kowace takarda da ambulan ɗinta, kai da kanka za ka karɓa. Takardar da ta bi ta teburin shugaba ta lalace.

Ko ka yi duk wannan, kalmar "tasiri" ta yi wa bincikenka girma. Makarantar da ke da ɗakin kwamfuta ita ce dai mai tsadar kuɗi, mai sola, mai ɗalibai 25 a aji, mai 'ya'yan ma'aikatan jami'a. Wanne ne ya kawo sakamakon? Tambayar da aka yi sau ɗaya ba ta iya rarrabewa. Tara bayanan kuɗin makaranta da yawan ɗalibai a aji da takardun malamai, ka shigar da su cikin lissafin, ka ga abin da ya rage wa kwamfuta. Sannan ka rubuta "alaƙa".

Tambaya: Na yi gwajin share fage, alfa ta Cronbach ta ba ni 0.45. Wani a shagon buga takardu ya ce zai iya ɗaga mini ita.

Amsa: Rabu da shi. Lambobi zai canza, kuma ana ganewa: takardu ɗari da rubutun hannu ɗaya, ko a ce an raba 350 an dawo da 350.

Alfa awo ne na yadda layukan takarda ke tafiya tare, kuma abin da ake nema 0.70 ne zuwa sama, bisa abin da aka saba jingina wa Nunnally. Kafin ka zargi tambayoyinka, duba abu biyu. Akwai layukan da ka rubuta a juye, irin "kwamfuta na ɓata mini lokaci"? Dole a juya makinsu: a mataki biyar cire amsar daga 6, a mataki huɗu daga 5. Mantawa da wannan kaɗai kan jefa alfa ƙasa. Sannan alfa kowane sashe ake yi wa tasa. In ka zuba tambayoyin sauƙi da na wuta da na ƙwazo a tukunya ɗaya, lambar da za ta fito ba ta nufin komai. In duk wannan daidai ne, dubi ginshiƙin da ke nuna alfa in an cire kowane layi, ka nemo mai jan ta ƙasa, ka koma ga waɗanda suka amsa ka ji yadda suka fahimce shi. Mutum 30 sun isa gwajin, daga wajen samfurinka, a ce Giwa ko Soba. In kuma ta haura 0.95, tambaya ɗaya kake maimaitawa, rage su. Alfa dai tana nuna layukan na tafiya tare ne, ba ta ce abin da kake nufi suke aunawa ba. Wannan aikin masana ne da za su duba takardar kafin gwaji.

Tambaya: Ba zai fi sauƙi in tura Google Forms a zaurukan WhatsApp na malamai ba?

Amsa: Zai fi sauƙi, amma a wannan fannin kuskure ne babba. Kana binciken wa ke amfani da fasaha, ka kuma tambayi masu babbar waya da data kaɗai. Waɗanda bincikenka ya fi buƙata ba za su ma ga saƙon ba. Ƙari kuma ba ka san mutum nawa ya isa gare su ba, balle ka lissafa kason da ya amsa. In kana gudun shigar da bayanai da hannu, manhajar KoboToolbox na aiki ba intanet: ka sa KoboCollect a wayarka, ka je makarantar, ka tura bayanan in ka samu sabis.

Zaɓi lokaci. Mako na uku zuwa na takwas na zango ya fi. Makon jarrabawa da na haɗa sakamako ba mai kallonka, Juma'a kuma daga sha biyu an watse. Shafin farko ya faɗi ko kai wane ne, me za a yi da amsoshin, da cewa mutum na da 'yancin ƙi. Ɗalibi ɗan ƙasa da shekara 18 sai da izinin iyaye. Dokar kare bayanan sirri ta 2023 ta hau kanka kai ma, don haka sunan da ba ka buƙata kada ka karɓa.

Tambaya: Wane gwaji zan yi a babi na huɗu?

Amsa: Manufarki ce ke zaɓa, Hajiya. Rukuni biyu, kamar maza da mata, gwajin t. Uku ko fiye, ANOVA. Abu biyu na rabe-rabe, kamar irin makaranta da samuwar majigi, kai-sikwaya. Alaƙar maki biyu, Pearson, ko Spearman in matakai ne kawai. Abubuwa da yawa a kan ɗaya, rigireshan. Lambar p da gwajin ke fitarwa ta zo ƙasa da 0.05 ba ya nufin bambancin babba ne, ki faɗi girmansa ma. In ba ki da lasisin SPSS, jamovi da JASP kyauta ne kuma sun isa.

Kafin duk wannan, ki ba kowace takarda lamba da biro, ki rubuta jerin da ke nuna ma'anar kowace lamba, bayan shigarwa ki ciro ɗaya cikin goma ki gwada da abin da ke allo. In kin sa 99 a gurbin da ba a amsa ba, ki gaya wa manhajar cewa 99 babu ce. Mutum huɗu cikin ɗari kacal su tsallake layi, matsakaicin da ya kamata ya zama 3.2 zai fito 7.0 a ma'aunin da ƙarshensa 5 ne. Fitar da mafi ƙanƙanta da mafi girma na kowane layi tun farko, nan take za ki kama shi.